Tuƙi cikin maye a Birtaniya: ga amsoshin, a daina kirana da dare

Tun da na fara koyar da tuƙi a nan Ingila, duk ɗan'uwan da ya zo daga gida sai ya yi mini tambayoyin nan. Na amsa a waya, na amsa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, har bakina ya gaji. Ga su a rubuce. Don Allah a karanta.

Da gaske an tsananta hukunci?

Da gaske. Daga 28 ga Yuni 2022, wanda ya kashe mutum da mota yana cikin maye zai iya samun ɗaurin rai da rai. A da iyakarsa shekara 14 ne. Lasisi kuma sai an ƙwace shi aƙalla shekara 5.

In ban kaɗe kowa ba fa?

Kama ka kawai ya isa. Hana tuƙi na aƙalla shekara 1, tarar da ba ta da iyaka, kuma ana iya ɗaure ka har wata 6. In ka sake cikin shekara 10, hanin ya zama aƙalla shekara 3.

Zan iya ƙin hura na'urar 'yan sanda?

A'a. Ƙin hura na'urar da ke auna barasa a numfashi ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba laifi ne mai zaman kansa, in kuma a ofishin 'yan sanda ka ƙi, hukuncinsa ɗaya da na wanda ya bugu.

Ni ba na shan giya, ina ruwana?

Wannan ce tambayar da ta fi ƙona mini rai. Malam, wa ya ce maka giya kaɗai ce maye? Tun Maris 2015 doka a Ingila da Wales ta yanka wa wasu ƙwayoyi da magunguna iyaka a cikin jini, kamar yadda ta yi wa barasa. Na taɓa buɗe aljihun gaban motar wani ɗalibina ina neman takardar inshora, sai ga katin tramadol da ya taho da shi daga gida, an ɓalle rabi. Wai don ciwon baya yake sha, saboda dare yake kwana yana raba kaya. Ranar ban bar shi ya taɓa sitiyari ba.

To, in likita ne ya rubuta mini maganin?

Nan ne sai an yi a hankali, kuma ni malamin tuƙi ne, ba lauya ba. Dokar ta bar ƙofa ga mara lafiya: in likita ya rubuta maka, ka sha yadda ya ce, kuma bai taɓa tuƙinka ba, kana da kariya ko da abin da ke jininka ya haura iyaka. Saboda haka ka kwantar da hankalinka, kada ka yar da maganinka don tsoro. Amma sharuɗɗan uku ne, kuma tare suke tafiya. In an ce ƙwaya 1 ka sha 2 don ciwon ya matsa, ka fita daga inuwar. In ka sha daidai amma idonka na lumshewa a kan titi, takardar likita ba za ta cece ka ba, domin tuƙi alhali magani ya rage maka kuzari laifi ne dabam. Kodin ma, jiki yana mayar da wani sashensa mofin, wato wani ƙaƙƙarfan maganin kashe zafin ciwo, mofin kuwa yana cikin jerin da ake aunawa. Maganin da ka sayo a kemis a gida ba takarda, wannan kam ban ga abin da za ka nuna ba. Abin da nake gaya wa ɗalibaina: ka tambayi mai ba da magani ƙarara ko za ka iya tuƙi, ka ajiye kwalin mai ɗauke da sunanka a mota, kuma kwanakin farko na sabon magani ka hau bas har ka ga yadda jikinka ya karɓe shi.

Iyakar barasar ɗaya ce ko'ina?

Ba ɗaya ba ce. Ingila ta sa miligiram 80 a cikin mililita 100 na jini tun 1967. Sikotland ta sauke nata zuwa 50 a Disamba 2014.

Zai taɓa mini takardun zama?

Zai iya. Laifi ne da ake rubuta wa mutum a kotu, yana zama a bayanan lasisi shekara 11, kuma masu duba neman zama ɗan ƙasa suna kallon irin wannan. Wanda abin ya riga ya same shi, ya nemi lauya tun kafin ranar shiga kotu, ba ni ba.