Waiwaye: Rikicin make mai jefa ƙwallo bayan an cafke jifarsa

Duk lokacin da aka ga kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, kwance a fili a gasar NFL ta ƙwallon Amurka, bayan abokan hamayya sun cafke ƙwallon da ya jefa, sai gardama ta kaure: a dakatar da wanda ya make shi, ko kuwa wasan ne ya gaji haka? Masu sabon shiga kallo na zaton yau aka fara. Ina!

Kwatabak shi ne madugun tawaga, shi ke jefa ƙwallo, doka kuma ta kewaye shi da katanga. Amma da zarar an cafke jifarsa, reshe ya juye da mujiya. Shi ne yanzu zai bi mai ƙwallon ya kayar, su kuma ƙartin da suka yini suna nemansa sun sami izinin tare shi.

Abin da aka fi tunawa shi ne na Nuwamban 1986, lokacin da aka sunkuci Jim McMahon, kwatabak na Chicago Bears, ta baya aka nana shi da ƙasa, ƙwallo ta daɗe da barin hannunsa. An kori wanda ya yi hakan daga fili, aka dakatar da shi wasa 2. Wannan bai jawo wani musu ba, don ko makaho ya san an wuce gona da iri.

Wanda ake mantawa da shi, kuma a ganina nan ne ƙullin yake, ya faru a Janairun 2002, a filin Soldier Field, kan wani kwatabak na Bears ɗin dai, Jim Miller. Wasan sili-ɗaya-ƙwale ne. Tun kafin hutun rabin lokaci aka cafke jifarsa, ana cikin gudu da ƙwallon aka tare shi aka kai shi ƙasa, kafaɗarsa ta goce. Bai koma ba, Bears suka sha kashi 33 da 19. Bambancinsa da na McMahon shi ne wasa na gudana, ba a busa usur ba, don haka mai tarewa na da ta cewa: ai wannan mutum zai iya kayar da ɗan'uwana. An ci mai tarewar tara, ba a dakatar da shi ba. A shekarar ce kuma aka haramta kai wa kwatabak karo da hular kwano a ka bayan ƙwallo ta sauya hannu. Wato an kare kai, an bar kafaɗa da haƙarƙari. An rage mugun abu kam, amma ba a taɓa ainihin tambayar ba: mutumin nan da ke tsaye yana kallon ƙwallonsa na tafiya, ɗan wasa ne ko ɗan kallo?

Shi ya sa a Janairun 2010, da aka ɗauke Kurt Warner na Arizona Cardinals da wani mugun karo bayan an cafke jifarsa, alƙalai ba su ga laifi ba, don ya nufi mai ƙwallon. A watan ya yi ritaya. Daga baya an sa kwatabak cikin jerin waɗanda doka ke ba kariya don ba sa iya kare kansu a irin wannan yanayi, a 2019 kuma aka hana bangazar mutum da ƙarfi ta inda bai gani ba. Har yanzu dai, in kwatabak ya taka ya nufi mai ƙwallon, halal ne a tare shi, alƙali kuma cikin ƙiftawar ido zai tantance ko bi yake yi ko tsayuwa.