Ditoks: wace guba ce miyar kayan lambu take fitarwa?

Sau uku na ci karo da kalmar a mako guda. Farko a rediyo, mai gabatar da wani shirin girke-girke tana cewa miyar da za ta koya wa masu sauraro "miyar ditoks ce, tana tsotse duk gubar da ke jiki cikin kwana bakwai". Sai a Facebook, hoton tukunya maƙil da karas da kabeji, an rangaɗa kalmar a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na ukun ne ya tsaya min a rai, don a cikin gida ya faru. Ƙanwata ta buɗe firjina, ta ga robobin miyar da nake dafawa ran Lahadi don ta kai mu tsakiyar mako, ta ce, "Yaya, ashe ke ma kin fara ditoks?" Shekara da shekaru ina yin miyar nan, sai ranar na ji cewa an naɗa mata sarauta.

Ma'anar kalmar ba ta da wuya. Guntun wata doguwar kalmar Ingilishi ce da ke nufin cire guba, kuma masu shirye-shirye sun fassara ta daidai: fitar da guba, wanke jini, wankin ciki. Matsalata tana wani wuri. Duk wanda ya ce miya tana fitar da guba, tambaye shi sunan gubar. Za ka ji an ce "dattin jiki", ko "sinadaran da suka taru". To waɗanne sinadarai? A ina suka taru, nawa ne yawansu kafin a sha miyar, nawa suka rage bayan an sha? A nan ake fara kame-kame.

Asalin kalmar ya fi yadda ake amfani da ita gaskiya. Saiwarta Girkanci ce, tokson, kuma ma'anarta baka. Bakan harbi, na kwari da baka. Girkawan dā suna shafa wa kan kibiya wani abu mai kisa, suna kiransa da kalmomi biyu, toksikon farmakon, wato maganin baka. Da sunan ya ratsa harshen Latin sai aka yar da rabinsa, aka riƙe rabin da ba daidai ba. Ɓangaren da ke nufin baka shi ya koma yana nufin guba, ɓangaren da ke nufin magani ko guba kuwa, farmakon, ya bi wata hanya ya zama famasi, inda muke zuwa sayen magani. Wannan haɗa magani da guba a kalma ɗaya bai kamata ya ba mai jin Hausa mamaki ba. Muna cewa maganin zazzaɓi, muna kuma cewa maganin ɓera, kuma kowa ya san ɓeran ba warkewa yake yi ba. Wani likitan Turai mai suna Paracelsus ya rubuta a 1538 cewa komai guba ne, yawan abin da aka sha ne ke raba guba da magani. Gishiri ma haka, ruwa ma haka.

Kuma idan aka bi asali, fassarar da ta fi dacewa da kalmar ba guba ba ce, dafi ne. Hausa ta raba su. Dafi na kibiya ne da maciji da kunama, yana shiga ta rauni. Guba ci ake yi ko sha. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu abu ne takamaimai. Wanda maciji ya sara, abu na farko da ake son sani shi ne wane irin maciji, don kowane dafi da makarinsa. Ba a taɓa jin an ce dafi ya taru a jikin mutum haka kawai ba tare da an san abin da ya sare shi ba. Gubar masu ditoks ce kaɗai ba ta da suna, ba ta da gida, ba ta da ma'auni, kuma duk da haka an san maganinta, har da adadin kwanakin da za a sha.

A asibiti kalmar tana da ma'ana ta gaske, kuma ba ta da kyan gani a hoto. Ita ce kula da wanda ya daina shan barasa ko ƙwaya yayin da jikinsa ke karkarwa, yanayin da kan iya kisa idan babu likita. Ita ce ba wanda ya haɗiyi guba wani gawayi da aka sarrafa na musamman don ya kama ta tun tana ciki. Ita ce ba yaron da gubar dalma ta shiga jininsa maganin da ke ɗaure dalmar ta fita ta fitsari, ana auna jinin kafin da bayan. Ita ce wankin ƙoda, mutum ya zauna jikin na'ura kusan awa huɗu, sau uku a mako. A duk waɗannan an san abin da ake cirewa. Ɗaukar sunan wannan aiki a liƙa wa tukunyar kabeji, a ganina, raini ne ga marasa lafiyar da ke cikinsa.

Ga mai lafiya kuwa aikin tsaftace jini ba ya jiran Lahadi. Hanta, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, tana canza abubuwa masu cutarwa zuwa siffar da jiki zai iya zubarwa, kamar yadda take mayar da amoniya ta koma yuriya. Ƙoda biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kullum, su mayar da kusan dukansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Huhu na fitar da gurɓatacciyar iska, hanji na fitar da nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su yi aikin dare da rana, miya ta kwashe yabo.

A 2009 wasu matasan masu bincike a Birtaniya, ƙarƙashin ƙungiyar Sense About Science, sun tuntuɓi masu yin kayayyaki 15 da ake sayarwa da sunan ditoks, suka nemi hujja. Ba su sami gamsasshiyar hujja ba, kuma ko ma'anar kalmar kamfanonin ba su haɗu a kan guda ɗaya ba.

Kada a ɗauka ina kushe miyar. Ni ce mai yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ba a lissafa dankali da sauran saiwoyi masu sitaci a ciki, kuma tukunya ɗaya ta albasa, karas, tumatir, kabeji, wake da ganye ita ce hanya mafi sauƙi da na sani ta shigar da wannan cikin yaran da ke tsince ganye suna ajiyewa a gefen faranti. Miya tana da wata fa'ida a kan dafa kayan lambu a tsiyaye ruwan: bitamin da ke narkewa a ruwa suna zama a romon, kuma romon ake sha. Zafi yana lalata wani kaso na bitamin C, shi ya sa nake zuba ganye a ƙarshe. Amma dahuwa tana ƙara sakin jan sinadarin tumatir, ɗan mai kuma yana taimaka wa jiki ya tsotsi abin da ke cikin karas ya mayar da shi bitamin A. Sai faiba, ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, wanda ke sa bayan gida ya zo da sauƙi. Ina zargin wannan na ƙarshen ne mutane ke gani su ce guba ta fita.

Sauƙin jikin da ake ji da ragin nauyi ma suna da bayani. Tun shekarun 1980 ake yayin shan miyar kabeji kwana bakwai a Amurka, sabon suna kawai aka yi mata yanzu. Idan mutum ya rage abinci sosai jiki yana ƙone sukarin da ya ajiye a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Yawancin abin da sikeli ya nuna ya tafi ruwa ne, yana dawowa da an koma cin abinci. Ga kuma gishiri. Iyakar da Hukumar ta sa ƙasa da giram 5 ne a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma na ga girkin "ditoks" da aka marmasa wa dunƙulen ɗanɗano har huɗu. Mai ciwon ƙoda kuwa, wanda alkawarin wanke jini zai iya jan hankalinsa, shi ne sinadarin fotasiyam ɗin da ke cikin tumatir da ganye zai iya taruwa a jininsa ya taɓa bugun zuciya. Ya tambayi likitansa kafin ya bi yayi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai guba ta gaske a wannan zance, mai suna, mai ma'auni, amma ba a jikin mai sha take ba. A tukunyar take iya haihuwa. Wasu ƙwayoyin cuta, irin su Clostridium perfringens da Bacillus cereus, suna zuwa da ƙasar da ke jikin kayan lambu, kuma suna iya dunƙulewa cikin ɓawo mai tauri kamar iri, tafasa ba ta kashe su. An sauke miya, ta fara hucewa, sai su farka. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas suke hayayyafa, kuma ta farkon, idan ɗumin ya yi mata daidai, tana ninka kanta cikin kamar minti 10. Babbar tukunya mai kauri da aka rufe aka bari a kan murhu ta kwana tana iya shafe awoyi a cikin wannan ɗumin, tsakiyarta musamman. Ba wari, ba tsami, ba kumfa. Da safe a ɗanɗana a ce lafiya lau take.

Sai a ce ai za a ɗumama. Ɗumamawa sosai tana kashe ƙwayoyin da suka farka, gaskiya ne. Amma Bacillus cereus, wadda ta fi son shinkafa da taliya, tana iya zuba gubarta a cikin abincin tun kafin a ci, haka ma Staphylococcus aureus da ke zuwa daga hannun mai girki, kuma waɗannan gubobin ba sa jin wuta. A tafasa miyar ta yi ɓul-ɓul, ƙwayar ta mutu, gubar tana nan, amai ya biyo baya cikin 'yan awoyi. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ce mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa. Mai shirin rediyon ta ce a dafa tukunya ɗaya a sha kwana bakwai, ba ta ce uffan ba a kan yadda za a ajiye ta.

Ajiyar ba ta da wani sirri. Kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. Ni da na sauke nake rarraba miyar a robobi masu faɗi marasa zurfi, zurfin miyar kamar santimita 5, in kuwa ina sauri in dasa tukunyar a cikin ruwan ƙanƙara ina juyawa. Wadda za a ci cikin kwana uku zuwa huɗu tana shiga firji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa. Sauran firiza, a bar ɗan fili a saman roba don ruwa yana kumbura idan ya daskare, kuma tana riƙe ɗanɗanonta wata biyu zuwa uku. Dankali da taliya ba sa son firiza, suna dawowa a lakuce, gara a dafa su ranar ci a haɗa. Abin da za a ci kaɗai ake ɗumamawa, har ya tafasa ko'ina, sau ɗaya.

Sai jan wake mai siffar ƙoda, wanda ke da tasa gubar ta halitta. Ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu ba sun isa su sa amai da gudawa. A jiƙa shi, a zubar da ruwan jiƙon, a tafasa shi da wuta mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali ba ta kai zafin da ke lalata gubar ba idan ɗanye aka zuba shi. In akwai wurin da kalmar ditoks ta dace a kicin, to wannan tafasar ce, kuma waken ake yi wa.

Ƙanwar tawa dai ta saurare ni har na gama, ta ce, "To Yaya, ko ma mene ne sunanta, a ba ni roba biyu." Na ba ta daga na firiza, na rubuta kwanan wata a murfin, na ce in za ta biya wani wuri kafin gida ta bar su ta dawo ta ɗauka.