Peptaid na Tsirrai da Binciken Ciwon Daji

Peptaid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. Idan sarƙar ta haura amino asid hamsin ko makamancin haka, furotin ake ce mata. Tsirrai da dama suna ƙera irin waɗannan sarƙoƙi domin kare kansu daga ƙwari da tsutsotsi da ƙwayoyin cuta, kuma dafin nan nasu ne ya ja hankalin masu neman maganin ciwon daji.

Saiklotaid

Rukunin da ya fi shahara ya samo asali ne daga ɗakin haihuwa. A shekarun 1960 wani likita ɗan ƙasar Norway, Lorents Gran, yana aiki da ƙungiyar Red Cross a Kwango, sai ya lura matan ƙabilar Lulua suna dafa ganyen wani tsiro da suke kira kalata-kalata, su sha ruwansa lokacin naƙuda, mahaifa ta ƙara matsawa. Sunan tsiron a kimiyya Oldenlandia affinis. Gran ya ware sinadarin da ke yin aikin, aka raɗa masa suna kalata B1. Abin mamaki shi ne tafasa ba ta kashe shi, alhali yawancin furotin da zarar ya ji wuta ya lalace, kamar yadda ƙwai ke daskarewa a tukunya.

Sai a 1995 aka gano dalili. Kalata B1 amino asid 29 ne, kai da wutsiyarsa a haɗe kamar zobe, ga kuma mahaɗai uku na sinadarin salfa da suka sarƙe a tsakiya suka zama ƙulli. A 1999 David Craik da abokan aikinsa na Jami'ar Queensland a Ostireliya suka ba dangin sunan saiklotaid.

Wani daga cikinsu, cycloviolacin O2, wanda ake samu a furen Viola odorata, yana kashe ƙwayoyin ciwon daji a kwanon gwaji ta hanyar huda fatar da ta lulluɓe su. Sai dai bai iya bambancewa sosai ba: yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ma, kuma da aka gwada shi a kan ɓeraye masu ƙari, tasirin bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa masu bincike da yawa suka koma amfani da zoben a matsayin mazubi, su dasa masa guntun wani peptaid mai magani don kada jiki ya narkar da shi da wuri.

Lunasin

Wannan kuwa daga waken suya yake, amino asid 43. A 1999 masu bincike a Jami'ar California da ke Berkeley suka ba da rahoton cewa yana hana ƙwayoyin halitta rabuwa, wato hayayyafar da ciwon daji ke yaɗuwa da ita. Har yau mafi yawan shaidar da ake da ita a kansa daga kwanon gwaji da dabbobi take.

Kariya daga lahanin iskar oksijin

Yayin amfani da oksijin, jiki yana fitar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Peptaid masu ɗauke da amino asid irin su histidin, tairosin, triftofan ko sistin suna iya kwantar da su. Ana samun irin waɗannan peptaid idan aka farfasa furotin ɗin wake ko 'ya'yan zogale da sinadaran narkarwa. Gwajin da aka fi yi mai sauƙi ne: a zuba peptaid a ruwan wani sinadarin gwaji mai launin shunayya da ake kira DPPH, a auna yadda ya koɗe ya koma rawaya. Sauya launi a kwalba dai ba ya nufin maganin ciwon daji, domin peptaid ɗin da aka haɗiya sai ya bi ta ciki da hanji, inda ake yayyanka yawancinsa kafin ya isa jini.