Kafin ka ƙara wa akwatin wuta lodi

Ɗaga murfin gaban akwatin rarraba wutar gidanka ka dubi lambobin da ke jikin birekoki, wato ƙananan makunnan da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa: 6, 16, 32, 32, 40. Idan ka tara su sun kai 126, alhali babban makunni amfiya 100 aka rubuta masa. Wasu da sun ga haka sai gabansu ya faɗi, su ce an yi musu aikin ha'inci. Ba ha'inci a ciki. Babu gidan da ake kunna komai lokaci guda, kowanne yana jan iyakar ƙarfinsa, shi ya sa masu aikin wuta suke yin ragi a lissafi.

Ɗauki murhun lantarki mai kilowat 12. A kan bolt 230 zai iya jan kusan amfiya 52. Amma jagorar ƙungiyar injiniyoyi ta IET da ke Birtaniya ta ce a ɗauki amfiya 10 na farko cif, sannan kashi 30 cikin ɗari na ragowar, sai lissafi ya tsaya wajen 23. Dalili kuwa, kawunan murhu suna kamawa suna saki da kansu idan sun yi zafi. Fitilu ma kashi 66 cikin ɗari ake lissafa musu.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauka wannan ragin ya shafi kowane kaya. Cajar motar lantarki mai kilowat 7 tana jan kusan amfiya 32, ta kwana tana ja ba sassauci. Shawa mai ɗumama ruwa nan take, ta kilowat 9.5, amfiya 41 take ci duk lokacin da ake wanka. Waɗannan ba a rage musu komai. Haɗa su da murhun can, an kai wajen 96, a gidan da babban fiyus ɗinsa wataƙila 60 ne ko 80, na'urar RCD kuma, mai yanke wuta idan ta zirare zuwa ƙasa, amfiya 63.

Kuma fiyus ba ya yankewa nan da nan idan lodi ya ɗan wuce kima. Waya da bakin kusoshi ne suke ta ɗaukar zafi a hankali.

Don haka kafin ka sayo babban kaya, kira ƙwararren mai aikin wuta ya duba fiyus, kaurin waya da akwatin, ya sake lissafi. Idan kuwa ka taɓa murfin ka ji ɗumi, ko ka ji ƙaurin roba, kashe babban makunni ka kira shi a ranar.