Ga masu aiki kusa da lantarki: ku daina dogara da “ai an ɗauke wuta”

A sashen gaggawa inda nake aiki, yawancin waɗanda ake kawo mana bayan wuta ta ja su a wurin sana'a, magana ɗaya muke ji daga bakin masu rakiyarsu: “Wallahi babu wuta lokacin da ya sa hannu.” Cikinsu akwai masu walda, da masu gyaran injin niƙa, da yaran da ke koyon haɗa wayoyi, har da ma'aikatan masana'antu waɗanda ya kamata a ce an horar da su.

'Yan uwa, kamfanin rarraba wuta ba ya neman izinin kowa kafin ya dawo da ita. Ko bai dawo da ita ba, maƙwabcin da ya tayar da janareta ba tare da na'urar sauya layi ba yana iya turo wutarsa cikin wayar da kuke riƙe da ita, haka kuma inbata da batiran sola suna ci gaba da ba da wuta ko da unguwa duka tana cikin duhu. Wutar gida ta kai wajen bolt 230, ta manyan injina wajen 400, manyan layukan kan falwaya kuwa 11,000 ne ko 33,000, kuma waɗannan ba sai an taɓa su ba, kusantarsu kaɗai ta isa wuta ta yi tsalle.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙanƙantar raunin. Za a ga ɗan tabo fari a tafin hannu da wani a tafin ƙafa, a ce abin ya zo da sauƙi, alhali naman da ke tsakani ya ƙone daga ciki; kafin wani lokaci fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙoda ta fara gazawa, wani ma a ƙarshe sai an yanke hannun. Ina tausaya muku, na san neman halak kuka fito, amma na gaji da jin “shekara ashirin ina wannan aiki” daga bakin mutumin da ke gwada waya da bayan yatsa, sanye da silifa, a kan jiƙaƙƙen siminti.

Iyayen gidan sana'a, alhakin yaran nan yana wuyanku. Kada wanda ya kusanci akwatin wuta sai an zaunar da shi an koya masa, an kuma ga ya yi a gabanku: a kashe daga babban makunni, a cire fiyus a sa a aljihu, a rufe akwatin da kwaɗo, mabuɗin yana hannun mai aikin, a rataye sanarwa, a gwada testa a inda aka san akwai wuta, sannan a gwada wayar. Safar hannu ta roba da takalmin aiki wajibi ne, tsanin ƙarfe kuma a nisanta shi da waya. Ko an ɗauke wuta, duk sai an yi waɗannan.

Idan wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi da hannu. Ku kashe wutar, ko ku ture shi da busasshen katako idan ta gida ce. Idan ta falwaya ce ku ja baya ku kira kamfanin wuta. Bayan an raba shi da wutar, idan ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji nan take, a bar zancen ɗura madara ko binne shi cikin ƙasa. Ko da ya miƙe ya ce garau yake, ku kawo shi asibiti a ranar, domin a duba bugun zuciyarsa da fitsarinsa.