Ruɗewar Tsoho Ba Kullum Tsufa Ba Ce

Da zarar dattijo ya fara mantuwa ko surutai, sai a ce shekaru ne suka kawo. Wani lokaci kuwa matsalar tana cikin ledar magungunansa.

Akwai magungunan da ke toshe aikin asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi zuwa hanji, mafitsara, ido da ƙwaƙwalwa. Piriton na mura yana cikinsu, haka amitriptyline na ciwon damuwa da ciwon jijiya, da oxybutynin na yoyon fitsari. Suna da amfani, amma sukan busar da baki, su ɗaure ciki, su riƙe fitsari, ido ya riƙa gani dishi-dishi. Gumi ma yakan ragu, abin da ke da haɗari a zafin bazara. Jikin tsoho ba ya saurin fitar da magani, don haka idan aka haɗa masa biyu ko uku, ruɗewa na iya zuwa cikin 'yan kwanaki.

Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ke tambayar duk abin da mara lafiya ke sha, har na kemis, ta bibiyi fitsarinsa da bayan gidansa da bugun zuciyarsa, ta tambayi ko yana da hawan ruwan ido (glaucoma) ko kumburin 'yar mafitsara (prostate, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji). Kada dai a tsayar da amitriptyline kwatsam; likita ne zai rage shi sannu a hankali.