Allo ya yi baƙi bayan sabunta Linux: tambayoyin da ake kawo mini shago

Ina gyaran kwamfuta a Jos, kusa da Terminus, kuma ɗalibai masu amfani da Linux suna yawan zuwa wurina da kuka iri ɗaya: jiya da dare sun sabunta manhajoji, yau da safe sun kunna, allo baƙi ƙirin, ko ɗan layi fari yana ƙyaftawa a kusurwa. Kwanakin baya wata ɗalibar Jami'ar Jos ta zo daga Naraguta idonta jawur, ta ce, "Malam, don Allah ka taimake ni, furojet ɗina na ciki, jibi zan miƙa." Na ce, "Ƙanwata, zauna tukuna, aikinki na nan daram." Ba mu kai rabin awa ba muka gama. Ga abin da ita da irinta suke tambaya ta. Misalaina na Ubuntu ne, amma akasarinsu suna aiki a Linux Mint da Debian.

Fayilolina sun salwanta ke nan?

A'a. Fuskar ce kawai ta samu matsala. Tagogi da gumaka da kibiyar linzami da kake gani manhajoji ne daban da aka ɗora a kan tsarin. Akwai mai nuna maka allon shiga: GDM a Ubuntu, LightDM a Mint, SDDM ga masu KDE. A ƙarƙashinsa akwai Wayland ko Xorg, masu zana komai a allo, su kuma sun dogara da direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo. Ɗaya daga cikinsu na yin tuntuɓe, hoto zai ɗauke, amma fayilolinka na kwance a ma'ajiyarsu ta /home, ba abin da ya taɓa su. Shi ya sa raina yake ɓaci idan aka kawo mini kwamfutar da wani ya riga ya yi wa fomat. Wahalar shekara guda ta tafi a banza saboda gaggawa.

Ta ina zan shiga, tunda ba na ganin komai?

Danna Ctrl da Alt da F3 a tare. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn. Baƙin allo zai fito da rubutu zalla, yana neman sunanka da kalmar sirri. Lokacin da kake buga kalmar sirrin ba za ka ga ko ɗigo ba. Haka aka yi shi, ka gama ka danna Enter. Idan ka shiga, to tsarin na da rai, sauran aikin duk a nan ne.

Za ka buƙaci intanet. Mafi sauƙi ka jona wayarka da kebul ɗin USB ka kunna raba data, ko ka rubuta nmtui ka zaɓi Wi-Fi da maɓallan kibiya.

Me ya jawo haka tun farko?

A nan garin, abin da na fi cin karo da shi shi ne sabuntawar da ba ta kai ƙarshe ba. Yawancin laftof ɗinmu tokumbo ne, batir ya gaji, wani ko minti goma ba ya riƙewa. Mutum ya fara afdet, aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki. Ko kuma ya ga abin ya daɗe, barci ya kama shi, ya rufe murfin.

Dalilin da hakan ke yin ɓarna shi ne, dpkg, wato manhajar da ke girka fakiti (ƙunshin manhaja) a Ubuntu, mataki biyu take bi. Da farko ta kwance sababbin fayiloli ta maye gurbin tsofaffi, sannan ta dawo ta saita kowane fakiti. Idan aka katse ta a tsakani, za ka wayi gari rabin GNOME, wato fuskar Ubuntu, sabo, rabi tsoho, kuma ba za su jitu ba. Don ka tabbatar, duba tarihin:

tail -n 30 /var/log/apt/history.log

Kowane aiki yana farawa da Start-Date, ya rufe da End-Date. Idan na ƙarshen ba shi da End-Date, ka kama ɓarawon. Maganinsa ka bar dpkg ta ƙarasa abin da ta fara, ka rubuta waɗannan umarnin ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt --fix-broken install

sudo apt update

sudo apt full-upgrade

sudo reboot

Wannan kaɗai ya gyara ta ɗalibar nan. Kafin ka fara, ka tabbata akwai wuta ko janareto, kada a maimaita jiya.

A cikin tarihin nan, ka kuma lura da layin da ya fara da Remove. Wani lokaci apt, manhajar da ke sauko da fakitoci ta sabunta su, kan cire fakitin fuskar gaba ɗaya saboda wani saɓani, mutum ya danna Y bai karanta ba. Idan ka ga gdm3 ko gnome-shell ko ubuntu-desktop a jerin waɗanda aka cire, mayar da su:

sudo apt install --reinstall ubuntu-desktop gdm3

Kwamfutar ta ce mini "Could not get lock". In goge fayil ɗin makullin?

Kada ka goge. Ma'anarsa wata manhajar tana kan aikin girki, galibi mai sabuntawa da kanta a bayan fage. Ba ta minti biyar ko goma ka sake gwadawa. Cire makullin alhali tana aiki shi ke mai da ƙaramin ciwo babba.

Allon shiga yana fitowa, amma da na sa kalmar sirri sai ya dawo da ni baya.

Fara da duba wurin ajiya:

df -h

Idan layin da ya ƙare da / yana nuna 100%, faifai ya cika. Sabuntawa tana sauke fakitoci masu yawa ta ajiye, ga finafinai da hotunan biki da suka riga suka cinye wuri. Fuskar kwamfuta ba ta tashi sai ta rubuta wasu ƙananan fayiloli, in babu wuri sai ta koro ka. Umarnin sudo apt clean zai share fakitocin da aka sauke. Ƙara da sudo journalctl --vacuum-size=200M don rage tsofaffin bayanan tsarin, sannan ka kwashe wasu finafinan zuwa filash.

Idan wuri bai cika ba, musamman a Mint, duba fayil ɗin .Xauthority da ls -l ~/.Xauthority. In ya nuna na root ne, wato asusun mai iko da tsarin, ba naka ba, goge shi, zai sake ƙirƙirar kansa. Ga masu GNOME kuma, ƙarin kwalliyar nan da ake saukowa don sauya kamannin allo sukan ƙi tafiya da sabon GNOME. Matsar da su gefe ka gani:

mv ~/.local/share/gnome-shell/extensions ~/tsofaffin-kari

A Ubuntu 22.04 da 24.04 akwai wata dabarar: bayan ka zaɓi sunanka a allon shiga, danna ɗan gunkin saiti da ke ƙasa ta dama, ka zaɓi "Ubuntu on Xorg". Tun 21.04, a shekarar 2021, Wayland ne Ubuntu ke tashi da shi, kuma wasu tsofaffin injuna sun fi zama lafiya da Xorg.

Ko Ctrl da Alt da F3 ɗin ba ya aiki. Yanzu fa?

Nan sai mu zargi kanel, zuciyar Linux, da direban hoto. Sake kunna kwamfutar kana riƙe da Shift, ko kana ɗan danna Esc idan mai UEFI ce (tsarin tashi na sababbin kwamfutoci), har jerin GRUB, wato jerin zaɓin abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya fito. Shiga "Advanced options for Ubuntu". Ubuntu ba ta jefar da kanel ɗin baya nan take, don haka za ka ga aƙalla lambobi biyu. Zaɓi tsohon. Idan komai ya dawo daidai, ka san sabon ne bai dace da direbanka ba.

Masu HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad masu hoton Intel ba su cika shiga wannan ba, domin direbansu yana zuwa tare da kanel ɗin. Masu katin NVIDIA ne suka fi shan wahala, saboda direbansu daga waje yake, kuma duk lokacin da kanel ya sauya dole a samu wanda ya dace da shi. Umarnin nvidia-smi zai nuna maka ko direban ya tashi. In bai tashi ba, cire shi ka sa sabo:

sudo apt purge '^nvidia-.*'

sudo ubuntu-drivers install

Idan katin tsoho ne sosai, ka tsaya a umarnin farko, ka bar direban nouveau da ke zuwa da Linux ya riƙe ka. Bai kai wancan gudu ba, amma ya isa rubutu da bincike. In kuma tsohon kanel ɗin ma baƙin allo ne, danna e a jerin GRUB, ka ƙara nomodeset bayan quiet splash, ka danna F10. Hoto zai fito da manyan haruffa, na tashi ɗaya ne kawai, don ka samu ƙofar gyara.

Idan duk na gwada ba nasara?

Rubuta journalctl -b -p err, ka ɗauki hoton allon da waya ka nuna wa wanda ya sani. Da wannan hoton nakan gane ciwon tun kafin a kawo injin. Idan har sai an sake girka tsarin, a fara tayar da kwamfutar daga filash mai Ubuntu, a zaɓi "Try Ubuntu", a kwashe /home zuwa wani faifan. Duk mai gyaran da ya ce maka ba sai an yi wannan ba, ɗauki kayanka ka tafi.

Ashe gara in daina sabuntawa?

Ban yarda ba. Sabuntawa ce ke toshe ramukan da masu kutse ke bi, kuma kwamfutar da kake shiga asusun banki da ita ba abin wasa ba ce. Lokacin yi za ka gyara: kada ka yi ana jibi jarrabawa, kada ka yi da ragowar batir, kuma ka karanta jerin abin da za a cire kafin ka danna Y. Sannan ka girka Timeshift, wanda ke zuwa a cikin Mint, a Ubuntu kuma sudo apt install timeshift ya wadatar. Da shi za ka ɗauki kwafin tsarin kafin ka taɓa shi, kuma daga baƙin allon nan za ka iya komawa jiya da sudo timeshift --restore. Amma ba ya kwafe takardunka na /home sai ka umarce shi, don haka furojet ɗinka ka ajiye shi a filash daban.